Yadda Ake Koyon Haɗa Kiɗa da Waƙa a Lokaci Guda: Jagora ga Mai Koyon Kalangu

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗin kalangu a wurin biki a cikin birnin Kano, ya ɗauke idonsa daga masu rawa ya zuba wa makaɗin shi kaɗai, zai ga mutum ɗaya ɗauke da aikin da ya isa a raba wa mutum biyar. Hannunsa na dama yana dukan fata da makaɗi, wato sandar kiɗa, damtsensa na hagu yana matse tsarkiya yana saki domin muryar kalangun ta hau ko ta sauka, ƙafarsa tana riƙe da ƙa'idar kiɗan, bakinsa yana karɓa wa jagoran waƙa, idonsa kuma yana kan wanda ya shigo fili da kuɗin liƙi a hannu, don ya san lokacin da zai juya masa take. Wasu ma sukan ƙara da ɗan karɓi, wato ƙaramin kalangun da ake ɗaurawa a jiki, su riƙa kai masa duka a tsakanin dukan babban. Masu kallo sukan ce baiwa ce ko gado. Ba a musun baiwa, amma wanda ya zauna da makaɗa ya san cewa akwai hanyar da ake bi kafin a kai nan, kuma hanyar tana da tsari.

Abin da ya kamata mai koyo ya fara ganewa shi ne, Hausawa sun yi gaskiya da suka ce taura biyu ba ta taunuwa. Hankalin mutum ba ya iya tsayawa a kan abubuwa biyu masu wuya a lokaci guda, kuma gwanin makaɗi bai fi kowa yawan hankali ba. Abin da ya yi shi ne, ya maimaita wasu ayyukan har suka sauka daga tunaninsa suka koma jikinsa, kamar yadda mai tuƙa keke ba ya tunanin ƙafarsa, sa'an nan ya ɗinke sauran ayyukan da juna har suka zama abu guda. A kowane lokaci abu ɗaya tak yake tunani a kai, sauran kuwa jiki ne yake gudanar da su. Dukan matakan da za su biyo baya a kan wannan suka ginu, kuma wanda ya tsallake ɗaya don gaggawa zai dawo masa ko ba jima ko ba daɗe.

Misalan abin da jiki zai iya ɗauka suna da yawa, a gida da waje. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya yake fitowa, yana kaɗawa yana waƙa, sau da yawa ba tare da 'yan amshi ba, har yakan sauya murya ya yi maganar mutum biyu masu gardama alhali yatsansa bai tsaya ba. Tony Allen, ɗan Legas da ya yi wa Fela Kuti kiɗa tun daga 1964 har ƙarshen shekarun 1970, ya shahara ne da sa hannuwansa biyu da ƙafafunsa biyu kowanne ya bi tasa hanyar a kan jerin gangunan Turawa. Akwai kuma Rick Allen, wani makaɗi ɗan Ingila na ƙungiyar Def Leppard, wanda ya rasa hannunsa na hagu a haɗarin mota ranar 31 ga Disamba 1984, ya koya wa ƙafarsa ta hagu aikin da hannun yake yi, ya koma kiɗa a gaban jama'a a 1986. Labarinsa ya fi sauran amfani ga mai koyo, domin ya nuna cewa babban mutum ma yana iya sake koya wa gaɓoɓinsa sabon aiki. Gaskiya ne cewa binciken da Gottfried Schlaug da abokan aikinsa suka wallafa a 1995 ya gano cewa gadar jijiyoyin da ke haɗa ɓarin ƙwaƙwalwa na dama da na hagu ta fi kauri a wurin makaɗan da suka fara tun kafin su cika shekara 7, wanda hakan ya yi daidai da abin da ake gani a gidajen makaɗa na gado, inda yaro kan tashi da kuntuku, wato wata 'yar ƙaramar ganga, a wuya. Sai dai wannan yana nufin yaro ya fi samun sauƙi ne kawai, ƙofa ba ta rufe ga wanda ya fara da gemu ba.

Mataki na farko: a ba ƙafa amanar lokaci

Kafin mai koyo ya taɓa kalangu, ya fara da ƙafarsa. Ya zauna a kan kujera ko benci, ya riƙa buga diddigensa a ƙasa sau ɗaya a kowace daƙiƙa, yana bin ƙarar agogon bango, ko kuwa ya sauke manhajar metronom a wayarsa, wadda ke bayar da ƙwas-ƙwas a kan ƙa'ida, ya saita ta a kan bugu 60 a minti ɗaya. Idan ya yi minti biyu bai kauce ba, sai ya sa wani ya riƙa yi masa tambayoyi yana amsawa: sunan unguwarsu, kuɗin mota daga Ƙofar Nasarawa zuwa Bata, abin da ya ci da safe. Mafi yawan masu koyo a nan suke fara gane matsalarsu, domin da zarar baki ya buɗe sai ƙafa ta tsaya ko ta ƙara sauri. Kada a wuce wannan mataki sai mutum ya iya yin hira ta sosai ƙafarsa ba ta san ana yi ba. Ga wasu kwana uku ne, ga wasu mako biyu.

Dalilin fara da ƙafa shi ne, ita ce za ta zama wurin komawa duk lokacin da hannu ko baki ya ɓata.

Mataki na biyu: hannun dama shi kaɗai

Sai a ɗauki kalangu a rataya shi a kafaɗar hagu, ya zauna a ƙarƙashin hammata, amma kada a matse tsarkiya tukuna. A riƙe makaɗi sako-sako, yadda zai yi tsalle ya dawo da kansa bayan ya taɓa fata, kuma dukan ya fito daga tsintsiyar hannu. Wanda yake duka da kafaɗa zai gaji kafin a yi rabin biki, kuma tsokar da ta ɗaure ba ta iya sakin kanta ta yi aiki dabam da 'yar'uwarta. A zaɓi salon kiɗa guda ɗaya, gajere, wanda bai wuce duka biyar ko shida ba, a riƙa maimaita shi a kan bugun ƙafa. A nan ma jarrabawar ita ce magana: idan mai koyo zai iya ƙirga daga ɗari zuwa ɗaya da baya-baya hannunsa bai rikice ba, to salon ya zauna.

Ga wanda yake zaune a cikin gari, inda katanga ɗaya ta raba shi da maƙwabta, yawancin wannan atisaye ana iya yin sa a kan matashin kai ko a cinya, a bar kalangun sai da rana. Ya kamata kuma a san cewa fata tana bin yanayi. Da hunturu takan bushe ta ɗaure, muryarta ta hau, da damina kuma ta saki ta yi ƙasa, saboda haka idan mai koyo ya ji sautinsa ya sauya daga wata zuwa wata, ba lallai ne hannunsa ne ya lalace ba.

Mataki na uku: damtse ya koyi Hausa

A nan kalangu ya bambanta da sauran ganguna, kuma a nan ne Bahaushe yake da riba tun daga gida. Hausa harshe ne mai karin sauti: akwai karin sama, akwai karin ƙasa, akwai kuma faɗau, wanda yake farawa a sama ya faɗo. Kalmar kuka ta zubar da hawaye gaɓoɓinta biyu a sama suke, amma kuka ta miya tana farawa a sama ta sauka. Baba na uba yana farawa a ƙasa ya hau, Baba ta uwa kuwa akasin haka take. Mai na girki faɗau ne. Idan aka matse tsarkiya fata takan ɗaure sauti ya hau, idan aka saki ya sauka, kuma da wannan ne kalangu yake kwaikwayon magana har a gane taken wane da wane ba tare da an buɗe baki ba. Shi ya sa mahauci a Abbatuwa ko ɗan dambe a fili yakan zabura da jin kiɗa kawai, domin shi magana yake ji.

Hanyar koyo ita ce, a ajiye salon da aka koya a mataki na biyu, a ɗauki kalmomi ɗai-ɗai. A faɗi kalma da baki, sa'an nan a kaɗa ta, ana matsewa a gaɓar sama ana saki a gaɓar ƙasa. A fara da Kano, wadda take sama sa'an nan ƙasa, da sarki, wadda take sama da sama, da akwati, wadda gaba ɗayanta a ƙasa take. Abu mai muhimmanci da masu koyo suke yawan kuskurewa shi ne, damtse yana riga hannu aiki. Dole a matse kafin makaɗi ya sauka a kan fata, in ba haka ba sai sautin ya fito a karkace, kamar mai tambaya. Faɗau kaɗai ne ake dukansa a matse, sa'an nan a saki nan take sautin yana cikin fita. Idan kalmomi suka zauna sai a koma gajerun jimloli, daga nan kuma zuwa kirarin da mutum ya haddace tun yana yaro, domin abin da baki ya riga ya sani ba ya cin hankali.

Mataki na huɗu: uku a kan biyu

Yawancin kiɗan wannan yanki namu yana tafiya ne da ƙirga biyu a haɗe, inda wani hannu yake yin uku a daidai tsawon lokacin da ɗayan yake yin biyu. Mai koyo da ya yi ƙoƙarin jin su a matsayin kiɗa biyu dabam-dabam zai sha wahala a banza. Abin yi shi ne a raba lokacin gida shida: hannun dama ya faɗa a gida na 1 da na 3 da na 5, hannun hagu ya faɗa a gida na 1 da na 4. Idan aka haɗa su, abin da kunne yake ji shi ne: tare, dama, hagu, dama. Ni na saba koyar da shi da jimlar "kai, tafi can", domin nauyin gaɓoɓinta ya yi daidai da shi. A kan "kai" hannu biyu su sauka tare a daɗe, a kan "ta" dama, a kan "fi" hagu, a kan "can" dama a daɗe, sa'an nan a koma farko. A yi shi a kan cinyoyi, a hankali ƙwarai, har sai jimlar ta ɓace an bar kiɗan. Daga nan sai a gwada ƙarfafa hannun dama a sassauta na hagu, sa'an nan a juya, sa'an nan a mayar da aikin hannun hagu zuwa ƙafa.

Wannan ɗan atisaye ya ƙunshi sirrin abin gaba ɗaya. Abu biyu da suke kamar suna faɗa da juna sun zama jimla ɗaya mai gaɓa huɗu, kuma jimla ɗaya kowa yana iya riƙe ta.

Mataki na biyar: shigar da baki

Wannan shi ne matakin da ya fi cinye lokaci, kuma a nan mutane da yawa suke ajiye kalangu su ce ba su gada ba. Matsalar ita ce, hannu yana son ya bi baki. Da zarar an fara waƙa sai makaɗi ya bar salonsa ya koma dukan kowace gaɓa da baki ya furta, ko kuwa baki ya bar karin waƙar ya koma bin hannu.

Kada a fara da kalmomi. A kafa ƙafa, a kafa salon hannu, sa'an nan a ja murya ɗaya doguwa da baki a rufe, ba hawa ba sauka. Idan hannu ya jure wannan, sai a yi karin waƙar da "la-la" ba tare da kalmomi ba. Bayan haka ne za a ɗauki gindin waƙa, wato layin da ake komowa kansa, a bar ɗiyan waƙa, wato sauran layukan da jagora yake kawowa, tukuna, domin gindin gajere ne kuma yana maimaita kansa.

Sai aikin ɗinki, wanda ya kamata a yi shi da takarda da biro ko da mutum ya ga kamar abin kunya ne. A rubuta layin waƙar gaɓa-gaɓa, a sa alama a ƙarƙashin kowace gaɓar da take faɗawa tare da dukan makaɗi, a sa wata alamar dabam a kan wadda take faɗawa a tsakanin duka biyu. Waɗanda suke faɗawa tare ba su da wahala. Na tsakanin su ne masu kayar da mutum, kuma yawanci ba su wuce biyu ko uku a layi ba. A ware kowace ɗaya, a ɗauke ta tare da dukan da ke gabanta da wanda ke bayanta, a maimaita wannan ɗan guntu a hankali sosai, ko da zai zama duka ɗaya a daƙiƙa biyu, har sai ya daina zama baƙo. Idan an yi shi sau goma a jere ba kuskure, a ƙara saurin metronom da bugu 4 ko 5 kawai. Idan aka yi kuskure sau biyu a jere, a rage. Jiki ba ya bambanta maimaici mai kyau da marar kyau, duk abin da aka fi yi masa shi yake riƙewa, don haka wanda yake maimaita kuskure da sauri kuskuren yake haddacewa.

Na taɓa zama a wani zaure a cikin gari inda wani dattijon makaɗi yake koya wa ɗan ƙanensa, yaron kuwa kullum a gaɓa ɗaya yake faɗuwa. Da ya gaji sai ya ce, "Baba, hannun ne ba ya jin magana." Dattijon ya karɓi makaɗin daga hannunsa ya ajiye, ya ce, "Hannunka lafiya lau yake, kai ne kake tsaye a kansa kamar mai bin bashi. Tashi ka ɗebo mini ruwa a randa, kana tafe kana waƙar." Yaron ya je ya dawo sau uku, takunsa yana riƙe da ƙa'ida bakinsa yana waƙa, kuma da aka mayar masa da makaɗin sai gaɓar ta wuce. Tafiya kiɗa ce da jiki ya riga ya iya, shi ya sa ɗora waƙa a kanta yake buɗe hanya.

Game da tsawon atisaye, minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Lahadi kaɗai. Sananne ne cewa barci yana taimaka wa ƙwaƙwalwa ta zaunar da aikin hannu da aka koya da rana, kuma kusan kowane makaɗi ya san abin nan na kwanciya da guntun da ya gagara a tashi da safe a same shi ya yi laushi.

Ga masu busa akwai irin nasu haɗin, wanda ya cancanci a ɗan tsaya a kansa domin ƙa'idar ɗaya ce. Mai algaita da ake gani a Ƙofar Kudu ranar hawan salla, kumatunsa a kumbure, sautinsa ba ya yankewa, yana fitar da iska da baki ne a daidai lokacin da yake shaƙar wata ta hanci. Iskar da ya tara a kumatu ita yake turawa da tsokar kunci a ɗan lokacin da huhunsa yake cika. Ana koyon wannan da ruwa: a cika baki, a riƙa tsartar da shi siriri ana numfashi ta hanci, domin jiki ya gane cewa kunci da huhu ba lallai su yi aiki tare ba. Daga nan sai a sa tsinken shan lemo a kofin ruwa, a matse bakinsa kaɗan, a yi ƙoƙarin kada kumfar ta tsaya. Wanda ya ji jiri ya dakata ya huta. Mai kalangu ba ya buƙatar wannan dabara, amma yana buƙatar ya san wuraren shaƙar numfashi a waƙarsa ya sa musu alama a takardarsa, saboda hannu yakan yi tuntuɓe a daidai inda numfashi ya ƙare ba shiri.

Mataki na shida: fita cikin mutane

Wanda ya iya kiɗa da waƙa a ɗakinsa ya yi rabin tafiya ne, domin a fili akwai aiki na uku da ba a iya haddacewa, wato sauraro. A ƙungiyar makaɗan Hausa, jagora yana iya tsawaita ɗa ko ya gajarta shi yadda ya ga dama, 'yan amshi su karɓe daga inda ya saki, sanƙira kuma ya matso ya raɗa masa sunan wanda ya shigo da sunan mahaifinsa da garinsu, shi kuwa ya saƙa su cikin waƙa nan take ba tare da kiɗa ya girgiza ba. Wannan ba ya yiwuwa sai hannu da ƙafa sun daina neman komai daga hankali.

Ana shirya wa wannan tun daga gida. A samu aboki ya zauna a gefe, mai koyo yana kiɗa yana rera gindin waƙa, abokin ya riƙa jefo sunaye ba zato: Alhaji wane na Kantin Kwari, Hajiya wance ta Yakasai. Aikin mai koyo shi ne ya sa sunan a layi na gaba ba tare da ya karya karin sunan ba, kuma ba tare da ƙafarsa ta tsaya ba. Da farko zai riƙa makara da layi biyu ko uku, kuma babu laifi, domin amfanin gindin waƙa ke nan: yana ba jagora lokacin tunani. Bayan haka sai a gwada a tsaye, sa'an nan ana tafiya, sa'an nan rediyo tana kunne a gefe.

A nan zan faɗi ra'ayina game da fiyano, wanda yawancin matasan da ke zirga-zirga a situdiyoyin titin Gidan Zoo suka fi sabawa da shi. Na'ura ce mai amfani, kuma mai kaɗa ta da hannu biyu yana waƙa yana yin aikin da ya kai na mai kalangu wuya. Amma wanda ya saba danna maɓalli na'ura ta riƙe masa kiɗa, ko a ɗauki muryarsa dabam a ɗora a kan kiɗan da kwamfuta ta daidaita, ya ba na'ura amanar da ya kamata ƙafarsa ta riƙe, kuma ranar da aka ɗauke wuta a tsakiyar biki za a gane. Ko da fiyano mutum yake so ya ƙware a kai, ya kamata ya riƙa kashe kiɗan na'urar a rabin lokacin atisayensa.

Farkon fita kada ya zama a matsayin jagora. A fara da riƙe kuntuku ko ƙaramin kalangu a bayan manya, ana salo ɗaya da amshi kawai, kamar yadda yaran makaɗa suke farawa. Kuskure kuwa dole ne zai zo, don haka a san abin da za a yi masa tun kafin ya zo. Idan abubuwa suka cakuɗe, a saki baki tukuna, domin 'yan amshi za su rufe gurbin. Idan bai warware ba, a saki damtse a bar kalangun a murya ɗaya, idan ma ya kama a rage dukan hannu zuwa duka ɗaya a kan kowane bugun ƙafa. Ƙafar ce kaɗai ba a saki. A jira gindin waƙa ya zagayo, a shiga tare da shi, sa'an nan a mayar da damtse, baki ya biyo baya a zagaye na gaba.